Zuba Jari a Jan Ƙarfe: Tambayoyin da Manoma da 'Yan Kasuwar Karkara Suka Fi Yi

Duk kaka, idan an sayar da riɗi da zoɓo kuɗi sun shigo hannu, sai tambayoyi iri ɗaya su riƙa dawowa a zaman ƙungiyarmu ta manoma da ke yankin Gumel. Wasu daga dattawan da suka gaji da ajiyar hatsi suke fitowa, wasu kuma daga samarin da suka ga talla a Facebook cewa jan ƙarfe ne zinaren gobe. Na tattara su a nan tare da amsoshinsu. Lissafin naira da ke ciki misali ne kawai domin sauƙin fahimta, wanda yake son farashin yau sai ya tambaya a ranar da zai yi ciniki.

1. Mene ne jan ƙarfe, kuma shi ne tagulla?

Jan ƙarfe shi ne ƙarfen nan mai launin ja-ja da ake gani idan an feɗe wayar lantarki, shi ya sa da yawa suke ce masa jar waya. Shi ne a cikin kwayil ɗin janareta da fanka da injin burtsatse da taransifoma, domin bayan azurfa babu ƙarfen da ya kai shi ɗaukar wutar lantarki. Kafafen labarai sukan kira shi tagulla, kuma ba laifi ba ne a magana, amma a gaban sikeli akwai bambanci: abin da aka fi sani da tagulla gami ne, wato jan ƙarfe da aka narka tare da tutiya ko kuza, irin wanda ake yin kan famfo da kwaɗo da shi, kuma kuɗinsa bai kai na tsantsar jan ƙarfe ba.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Matafiyin nan Ibn Battuta, da ya sauka a Takadda cikin ƙasar Nijar ta yau a 1353, ya ba da labarin sandunan jan ƙarfe da ake cefane da su a matsayin kuɗi, ana kuma kai su Gobir da Borno. Hatta kalmar kwabo daga sunan wannan ƙarfe a bakin Turawa muka samo ta.

2. Idan an ce mutum ya zuba jari a jan ƙarfe, me ya saya ke nan?

Ɗaya daga cikin abubuwa uku ya saya, kuma rashin bambance su shi ne tushen yawancin asarar da ake yi. Ko dai ya sayi ƙarfen kansa, wanda zai iya ɗagawa ya aza a sikeli (tambaya ta 8 da ta 10). Ko ya sayi hannun jari a kamfanin da ke haƙo shi, wato ya zama mai ƙaramin rabo a kamfanin (tambaya ta 12). Ko kuma ya shiga yarjejeniya a kan farashinsa, inda babu ƙarfen da zai taɓa zuwa hannunsa, sai dai ya ci ko a ci shi gwargwadon hawa da saukar lambobi (tambaya ta 13). Akwai na huɗu da ke sanye da rigar waɗannan ukun alhali ba ko ɗaya ba ne, shi ne na 'yan damfara, kuma an yi bayaninsa a tambaya ta 14.

3. Wa yake yanke farashinsa?

Babu gwamnati ko kamfani guda da ke yankewa. Farashin da duniya ke bi yana fitowa ne daga manyan kasuwanni uku: Kasuwar Ƙarafa ta Landan, wadda ake taƙaitawa LME, da aka kafa tun 1877; da COMEX ta birnin New York a Amurka; da kasuwar Shanghai ta ƙasar Sin. A Landan da dala ake faɗin kuɗin tan ɗaya, wato kilo 1,000, kuma ana maganar tataccen ƙarfe ne mai tsarkin kashi 99.99 cikin ɗari, wanda ake yi falle-falle. Yadda mai gero a kasuwar ƙauye yake sauraron abin da aka sayar a Dawanau kafin ya buɗe baki, haka dillalin ƙarfe a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano yake sauraron Legas, Legas kuma tana sauraron Landan.

Ƙaramin ma'auni a kasuwar Landan tan 25 ne. Idan tan yana dala 10,000, ma'auni ɗaya dala 250,000 ke nan, wanda a canjin naira 1,500 ya kama naira miliyan 375. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba kasuwar da ɗayanmu zai shiga da ƙafarsa ba ce.

4. Me ke sa farashin ya hau ko ya sauka?

Abu na farko shi ne ƙasar Sin, domin ita kaɗai tana cinye fiye da rabin tataccen jan ƙarfen duniya a gine-gine da masana'antu da layukan wuta. Idan gini ya tsaya a can, farashi yakan yi sanyi ko'ina. Na biyu shi ne halin da mahaƙai suke ciki. Chile ce kan gaba, tana fitar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake haƙowa, a can ne ma mahaƙar Escondida take, wadda ta fi kowace girma. Sai Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da Peru, a Afirka kuma Zambiya ma tana da suna. Da yake wuraren ba su da yawa, matsala a wuri ɗaya takan girgiza kasuwa, kamar rufe mahaƙar Cobre Panama a ƙarshen 2023 bayan zanga-zanga da hukuncin kotu, ko ambaliyar laka da ta tsayar da aiki a mahaƙar Grasberg ta Indonesiya a watan Satumba na 2025.

Na uku shi ne sabuwar buƙata. Motar lantarki tana cin jan ƙarfe ninki uku zuwa huɗu na motar fetur, sola da injinan iska da manyan cibiyoyin kwamfuta duk waya suke sha, alhali buɗe sabuwar mahaƙa yakan ɗauki fiye da shekara 10. Mu ma nan shaida ne: duk famfon sola da aka kafa a fadamun Haɗeja da wayarsa ya zo. Sai dai idan ya yi tsada sosai masana'antu sukan koma ga alminiyam a wasu ayyukan, kuma ƙarfen da ake sake narkawa, wanda ya kai kimanin kashi ɗaya cikin uku na abin da duniya ke amfani da shi, yakan kwararo kasuwa ya rage zafin.

5. Tunda buƙata ƙaruwa take yi, ai ba zai faɗi ba ke nan?

Ya sha faɗuwa, faɗuwa kuwa mai karya jari. A tsakiyar 2008 tan ya kusa dala 9,000, amma kafin shekarar ta ƙare ya koma ƙasa da 3,000. A farkon 2011 ya haura 10,000, daga nan ya yi ta zamewa har ya sauka ƙasa da 4,500 a watan Janairu na 2016, kuma bai sake ganin 10,000 ba sai a 2021. Wanda ya saya a ƙololuwar 2011 shekara 10 ya yi yana jiran uwar kuɗinsa ta dawo. A watan Mayu na 2024 ya wuce 11,000. A watan Yuli na 2025 kuma, bayan Shugaba Trump ya ce zai sa harajin kashi 50 cikin ɗari a kan jan ƙarfen da ake shigarwa Amurka, farashin New York ya yi tashin gwauron zabo, sannan da aka bayyana cewa harajin bai shafi tataccen ƙarfe ba, sai ya rikito da kusan kashi 20 cikin ɗari a cikin sa'o'i.

Mai yiwuwa ne masu cewa zai yi tsada nan da shekaru su yi gaskiya. Matsalar ita ce, manomi ba ya zaɓar ranar da zai buƙaci kuɗinsa. Taki da aure da jinya su suke zaɓa masa.

6. Farashin da nake gani a waya shi za a biya ni idan na kai kayana?

A'a. Idan tan yana dala 10,000, kilo ɗaya dala 10 ke nan, wato naira 15,000 a canjin da muka ɗauka misali, amma wannan kuɗin tataccen ƙarfe ne da ke kwance a sito a bakin teku. Abin da ke cikin buhunka sai ya bi ta hannun mai sikelin ƙauye, da dillalin Kano, da mai mota, da mai narkawa, kuma kowannensu zai cire nasa tun kafin a zo kanka. Bugu da ƙari, tsofaffin ƙarafa suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta hana fitarwa daga Nijeriya, don haka ba ka da hanyar kai su inda ake biyan wancan farashin.

Sannan akwai daraja-daraja. Waya mai kauri, mai sheƙi, wadda aka feɗe da wuƙa ita ce kan gaba. Wadda aka ƙona ta yi baƙi tana ƙasa da ita. Siririya ta cikin kwayil mai shafe da fenti da wadda ke da dalma a jiki suna ƙasa kuma. Mai saye ne yake faɗin darajar, kai kuwa da ka riga ka biya kuɗin mota ba ka cika iya musu ba.

7. Ina ruwan dala da wannan ciniki?

Duk wanda ya riƙe jan ƙarfe a Nijeriya abu biyu ya riƙe a lokaci guda, farashin ƙarfe da farashin dala. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, a 2024 kuma ta wuce 1,500, saboda haka yawancin ribar da masu ajiyar waya suka gani a wancan lokaci faɗuwar naira ce, ba tashin ƙarfe ba, kuma taki da man fetur sun bi ta sun cinye. Abin yakan juya: a watan Fabrairu na 2024 dala ta kusa naira 1,900 a kasuwar bayan fage, zuwa watan Afrilu ta sauko wajen 1,100, wanda ya sayi haja a tsakanin ya kwana a ciki ko da Landan ba ta motsa ba.

8. Zan iya saya in ajiye a ɗaki kamar yadda nake ajiye gero?

Za ka iya, kuma yana da fifiko ɗaya a kan hatsi: ƙwari ba sa cinsa, ɓera ba ya taɓa shi, ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, iyakarsa ya yi duhu ko kore a sama idan ya sha raɓa. Ba ya kuma cin wuri, domin tan guda idan dunƙule ne bai kai rabin mita ba ta kowane ɓangare.

Amma kwatancin da gero yana da rauni. Gero yana da kaka da bazara, kowa ya san yana araha idan an girbe, yakan kuma tashi idan rumbuna sun yi ƙasa. Jan ƙarfe ba shi da kaka, babu watan da za ka ce a nan yake tashi. Idan gero ya ƙi kasuwa iyali za su ci, idan tunkiya ta ƙi kasuwa za ta haihu, shi kuwa kilo 60 da ka ajiye kilo 60 za ka tarar ko bayan shekara biyar. Ga kuma tazarar saye da sayarwa: idan ka saya a naira 11,000 alhali mai sikeli yana karɓa a 10,000, sai farashi ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari kafin ka mayar da kuɗinka, ban da na mota. Wanda ya sayi sabuwar waya a shago domin ajiya ya fi kowa kuskure, tunda ya biya kuɗin roba da na masana'anta da ribar mai shago, ranar sayarwa kuma da kilo za a auna masa, sai fa idan gini yake shirin yi, to nan sayen wayarsa tun da wuri dabara ce mai kyau.

9. Yaya zan gane na gaske?

Na taɓa tsayawa a wurin wani mai sikeli ranar kasuwa, wani bawan Allah ya sauke buhu daga babur yana murna ya samo jar waya da araha. Mai sikelin bai ce komai ba, ya zaro sili ɗaya, ya kankare shi da bakin wuƙa, sai ga fari fat a ƙarƙashin jan. Alminiyam ce aka yi wa riga. Ya sake zaro wani ya kusantar da maganaɗisun da ke rataye a wuyan sikelin, sai silin ya manne, wannan kuma baƙin ƙarfe ne aka shafe. A buhun nan kaf abin da ya tsira bai cika kwano ba.

Gwajin ke nan guda uku: maganaɗisu ba ya kama jan ƙarfe, idan an kankare ko an datse shi, cikinsa da wajensa launi ɗaya ne, kuma yana da nauyi, ya ninka alminiyam fiye da sau uku. Idan dunƙule ne aka narka, kada a yarda sai an huda shi ko an raba shi biyu. Kada kuma wani ya ji kunyar gwadawa, domin manya ma an yi musu: a 2020 kamfanin Mercuria na ƙasar Suwizalan ya sayi jan ƙarfe na dala miliyan 36 daga Turkiyya, da aka buɗe kwantenonin a Sin sai aka tarar da duwatsu da aka yi wa fenti.

10. To sana'ar gwangwan fa, ita ma zuba jari ce?

Ita ce hanyar da ta fi kusa da mu, amma sana'a ce, ba ajiya ba. Ɗan gwangwan ba ya jiran Landan ta tashi. Ribarsa tana cikin juyi, ya saya da safe a hannun 'yan jari-bola da masu gyaran janareta da masu naɗin kwayil, ya ware kowane iri daban, ya feɗe, ya tara, ya kai Kano cikin mako, ya dawo ya sake. Wanda zai ba wani jari ya yi masa, to su rubuta yadda za a raba riba da wanda zai ɗauki asara, su ajiye littafin kilo na shiga da fita, kuma a riƙa gwada sikeli da abin da aka san nauyinsa.

Abu ɗaya da nake roƙon a bari shi ne ƙona waya a bayan gari domin cire roba. Baƙin hayaƙin nan guba ne ga yaran da ake sa wa aikin da matan da ke maƙwabtaka, tokar tana lalata ƙasa, sannan, kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 6, ƙonanniyar waya kuɗinta ma ya fi ƙasa.

11. Me zai faru idan na sayi kayan sata ban sani ba?

Wannan shi ne haɗari mafi girma ga mai sayen ƙarfe a karkara. Akwai wani ƙauye kusa da mu da aka kwance wa taransifoma cikin dare saboda kwayil ɗin da ke ciki. Wata da watanni suna cikin duhu, injin niƙa ya koma dizal, mai sayar da ƙanƙara ya rufe, abin da ɓarayin suka samu kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sabuwa ba. Idan jami'an Sibil Difens ko 'yan sanda suka biyo sawu, a ɗakin wanda kayan suke nan za su tsaya, kuma karɓar kayan sata laifi ne mai zaman kansa, ga Dokar Lantarki ta 2023 da ta tanadi hukunci a kan ɓarnata kayan wuta da karɓarsu. Gwamnatoci ma sukan rufe sana'ar gaba ɗaya idan abin ya yi yawa, kamar yadda Jihar Borno ta hana jari-bola a 2023, sai jarin mutum ya maƙale.

Saboda haka a guji waya mai kauri irin ta kamfanin wuta ko ta sadarwa, da sabuwar waya da aka daddatse, da kayan da aka kawo da dare ko a hannun yara, da duk abin da aka karya wa farashi ba dalili. A rubuta sunan mai kawowa da inda ya samo, mai unguwa kuma ya san da sana'ar. Duk wani ƙarfe mai kama da harsashi ko kwanson bam kada a taɓa shi, balle a sare shi. An sha rasa rayuka ta haka.

12. Ana iya sayen hannun jari a kamfanonin da ke haƙo shi?

Ana iya. Manyan kamfanoni irin su BHP da Rio Tinto da Glencore da Freeport-McMoRan suna cikin kasuwannin hannun jari na Landan ko New York, akwai kuma asusun haɗaka da ke tattara hannayen jarin mahaƙa da dama a wuri ɗaya, wanda ya fi dogaro da kamfani guda aminci. Daga Nijeriya ana saye ta hannun dillalan hannun jari masu manhaja a waya, kuma kafin a tura ko kwabo sai a duba sunan dillalin a shafin Hukumar Kula da Hannayen Jari, wato SEC. Fa'idar wannan hanya ita ce ana iya farawa da kuɗi kaɗan, babu sikeli, babu ɓarawon dare, wasu kamfanonin kuma suna raba riba.

Sai dai hannun jari ba ƙarfe ba ne. Farashin ƙarfe yana iya hawa kamfani kuma ya faɗi saboda bashi ko yajin aiki ko rikici da gwamnati, kamar yadda hannun jarin First Quantum ya zube lokacin da aka rufe mahaƙarsa ta Panama (tambaya ta 4). A lura kuma cewa kamfanin da ke ƙera waya, irin Cutix na Nnewi da ke kasuwar hannun jari ta Legas, mai sayen jan ƙarfe ne ba mai sayarwa ba, tsadar ƙarfe a wurinsa ƙarin kashe kuɗi ce.

13. Mene ne cinikin alkawari da samari ke yi a manhaja?

Asalinsa yarjejeniya ce cewa za a ba da kaya kaza a wata kaza a kan farashin da aka yanke yau, kuma an ƙirƙiro shi ne domin mai mahaƙa da mai masana'anta su san inda suka dosa. Abin da ke cikin yawancin manhajoji kuwa bai kai nan ba ma: kai da kamfanin ne kuke jayayya a kan ko farashi zai hau ko zai sauka. Abin da ke jan mutane shi ne ninki. Ka ajiye naira 100,000, a ba ka damar juya hajar miliyan 2. Idan farashi ya hau da kashi 5 cikin ɗari kuɗinka ya ninka, idan ya sauka da kashi 5 kuɗinka ya ƙare ƙaƙaf, kuma irin wannan motsi jan ƙarfe yakan yi shi cikin 'yan kwanaki.

A ganina wannan ba wurin kuɗin noma ba ne. Ko Yasuo Hamanaka, wanda a zamaninsa ake ganin babu kamarsa a wannan kasuwa, ya jawo wa kamfanin Sumitomo na Japan asarar dala biliyan 2.6 da ta fito fili a 1996, ya kuma ƙare a gidan yari. Hukuncinsa a Shari'a yana tambaya ta 15.

14. An turo mini wata manhaja a WhatsApp da ke ba da riba kullum daga mahaƙar jan ƙarfe. Gaskiya ce?

Wanda ya karanta tambaya ta 5 ya riga ya san amsa: hajar da ke iya rasa kashi biyu cikin uku na darajarta a wata shida ba za ta iya ba da tsayayyiyar riba kullum ba. Alamominsu ba sa canzawa: riba ƙayyadajjiya mai yawa, lada ga wanda ya kawo wani, tura kuɗi zuwa asusun mutum ba na kamfani ba, biyan ƙananan kuɗi da farko domin a saki jiki, sannan ranar da aka nemi cire babba sai a ce a fara biyan haraji ko kuɗin buɗe asusu. Haka tsarin damfarar nan na MMM ya yi a ƙarshen 2016, haka na CBEX ya yi a watan Afrilu na 2025, sunan hajar kawai ake sauyawa. Takardar rajistar kamfani ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce. Dokar Zuba Jari da Hannayen Jari ta 2025 ta haramta irin wannan tsari da hukuncin da ya haɗa da ɗauri, don haka mai jawo 'yan uwansa ciki ya san ba kunya kaɗai ke jiransa ba.

15. Ya halatta a Musulunci?

Saye da sayar da ƙarfen kansa ciniki ne kamar kowane. Jan ƙarfe ba ya cikin abubuwa shida da hadisi ya ambata a babin riba, wato zinare da azurfa da alkama da sha'ir da dabino da gishiri, saboda haka ana iya sayensa da kuɗi hannu da hannu ko bashi. Wajen musanya ƙarfe da ƙarfe da fifiko ne malamai suka saɓa, Malikiyya sun sauƙaƙa idan hannu da hannu ne, Hanafiyya kuma sun hana saboda abin awo ne. Biyan kuɗi gaba ɗaya yau domin a kawo kaya sanannu a rana sananniya, wato salam, ya halatta.

Cinikin da aka bayyana a tambaya ta 13 kuwa, inda ba a biya ba, ba a karɓa ba, sai rarar farashi ake ci, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a 1992 cewa bai halatta ba, ga shi kuma yawancin manhajojin suna cire kuɗin ruwa duk daren da ciniki ya kwana. Hannun jarin mahaƙa asalinsa halas ne tunda sana'ar halas ce, amma malamai suna duba yawan bashin ruwa da ke kan kamfanin. A kai wa malami sunan kamfanin ya duba.

16. Akwai zakka a kansa?

Ba shi da zakka a kan kansa kamar zinare da azurfa, amma idan an saye shi domin sayarwa ya zama kayan kasuwanci. A mazhabar Malikiyya, mai juya haja kullum irin ɗan gwangwan yana ƙiyasta kuɗin kayansa duk shekara ya haɗa da tsabar da ke hannunsa, idan sun kai nisabi ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Mai ajiya yana jiran kasuwa kuwa sai ranar da ya sayar zai fitar da ta shekara ɗaya. Nisabin shi ne dinari 20, kimanin giram 85 na zinare, kuma ana iya jin kimarsa da naira daga Hukumar Zakka da Hubusi ko limamin gari.

17. An nuna mini duwatsu masu kore an ce jan ƙarfe ne, ana neman in sa kuɗi a haƙa. In shiga?

Koren dutse yana iya zama alamar jan ƙarfe, amma alama ba mahaƙa ba ce. A manyan mahaƙan duniya tan ɗaya na dutse sau da yawa ba ya ba da kilo 10 na ƙarfe, shi ya sa aikin ba ya biya sai da manyan injina da wuta da ruwa mai yawa. Masu neman jari sukan tsinto duwatsun da suka fi kyau su nuna, ragowar ramin kuwa Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. A dokar ma'adinai ta 2007 duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, ko da a gonar gado yake, kuma haƙa ko sayen ma'adini sai da lasisi daga hukumomin ma'adinai na Abuja. Yardar mai gari ita kaɗai ba ta wadatar ba.

Idan har mutum ya nace, to ya nemi lambar lasisin ya tabbatar da ita, ya je ramin da kansa, ya ɗebi dutse daga wurare daban-daban da hannunsa, ya kai ɗakin gwajin da shi ya zaɓa ba wanda aka zaɓa masa ba. Kuma kada a kawo dutsen cikin gida a daka ko a niƙa, domin irin waɗannan duwatsu sukan zo da dalma, wadda guba ce. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, ƙurar dutsen zinare mai dalma da ake niƙawa a tsakar gida, a turmi da injin da ake niƙa hatsi, ta kashe yara fiye da 400.